Miyan Koci Kura

Tun da waya ta shigo Dajin Tsamiya, 'yan gudu suka rasa sakat. Kociyoyin manyan makarantu sun ishe su da saƙo, kowa na cewa zo wajena. Sai fada ta kafa doka: koci ba zai rubuta wa ɗalibi ko uffan ba sai lokacin girbi ya yi. Iyakarsa ya dangwala yatsa a hoto, alamar ya yaba.

Tabawa, tsohuwar barewa, ba ta yi boko ba, amma ta san kura. Jikanta Ɗanliti ya fi iska gudu, karatun kyauta yake nema. Ya ɗora hoton cinyoyinsa, Koci Kura ta dangwala yatsa, ta bi da 'yar fuskar nan mai dalalar da miyau.

"Kaka, an ɗauke ni!"

"Zuwa tukunya ba, shashasha."

Ta ja kunnensa har fada, ta zube ta kai ƙara.

Waziri Dila ya gyara murya. "Iya, gwamnatin nan ta matasa ce. Ba mu barci, ba mu gyangyaɗi. Doka ta hana rubutu. Shin miyau rubutu ne? Za mu kafa kwamiti."

"Miyan murna ne, ranka ya daɗe," in ji Kura, da ke zaune cikin fadawa.

"Murnar uwaki!" Tabawa ta ce. "'Ya'yan gada da kika ɗauka bara, ina suke?"

"Sun wuce ƙasar waje ƙaro ilimi," Kura ta amsa, tana sakace.

Fadawa suka ɗauki tafi. Sarki Zaki kuwa bai ɗago kai daga wayarsa ba.

Tabawa ta ce, "Ranka ya daɗe, kai nake jira. Shi kaɗai ya rage mini. A hana ta."

Sai wayar Ɗanliti ta yi ƙit.

"Kaka! Sarki da kansa ya dangwala mini! Har da fuska biyu!"

Tabawa ta dubi gemun Sarki. Ya jiƙe sharkaf, yana ɗiga. Ta fizge wayar, ta take ta da kofato.

"Ɗanliti, gudun nan da kake cika mana baki da shi, yau ce ranarsa."

Kafin ƙurarsu ta lafa, Waziri ya sanar da sabuwar doka: daga yau an hana kakanni taɓa waya.