Injiniya Acan Mai Narkar da Ƙanƙara

Wanda bai san Injiniya Acan ba ya yi wa kansa faɗa, don ba kullum sashen injiniyan lantarki ke samun irinsa ba. Ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe da jami'arsu ta tura ƙasar waje a shirin musayar ɗalibai, ya yi zangon karatu ɗaya ya dawo. Zango ɗaya dai, wanda wasu ke ƙararwa ba su gama gane hanyar ɗakin karatu ba. Shi kuwa da yake Allah ya yi shi da buɗaɗɗen kai, a ciki ya shanye ilimin mutanen tas, har ya samu sararin manta rabin Hausarsa.

Muryarsa ce ta fara sauka daga jirgi. Ya tafi da murya irin ta kowa, ya dawo da wata mai bi ta hanci, tana ɗan tsayawa a tsakiyar magana kamar mai neman canji a aljihu. "Umma, miƙo mini wannan... yaya ma kuke ce masa?" Cokali yake nufi. Kowace magana tasa kuma da ƙofa ɗaya take buɗewa: "A can ba haka ake yi ba." A can ba a buga ƙofa da ƙarfi. A can mota ce ke jiran mutum. Kafin a yi nisa 'yan ajinsu sun raɗa masa suna Acan, shi kuma ya amsa da murna, don ya ɗauka sarauta ce.

Ya dawo da rigar sanyi mai kumburi kamar katifa, da ƙyallen wuya, ya ƙi rabuwa da su ko da rana tsaka. Ƙanwarsa ta dube shi gumi na bin bayan kunnensa, ta ce, "Yaya, ko in kawo maka bargo?"

"Jikina bai gama dawowa ba tukuna," in ji shi. "Ba za ki gane ba."

Kada mai hassada ya ce bai yi karatu a can ba. Ya yi, a gindin na'urar ɗumama ɗakinsa, inda ya ƙware wajen ɗaukar hoton titi ta taga. Ranar da ya yi ƙarfin hali ya nufi ɗakin gwaje-gwaje, dusar ƙanƙara ta kwashe masa ƙafafu a bakin ƙofa, ya zauna daɓas a gaban 'yan mata. Yana nan zaune ya hango wani gefen hanya fes, babu ƙanƙara ko ɗigo. Ya tambaya, aka ce masa waya ce mai zafi aka binne a ƙarƙashin siminti. Manyan masana da ka ilimi ke shigarsu. Na Injiniya Acan ta ƙasa ya shiga.

Kafin tafiyarsa, shi da abokinsa Dogo sun fara aikin kammala digiri tare: 'yar na'urar da za ta kashe famfo in tankin sashensu ya cika, don kullum sai ya yi ambaliya ya jiƙa matakala. Da ya dawo ya tarar Dogo ya kusa haɗa ta. Ya ɗaga ta da yatsu biyu kamar mataccen ɓera.

"Tanki, Dogo? Duniya tana can tana gudu, kai kana gadin tanki? Na zo mana da aikin da zai fitar da sunan sashen nan. Titi mai narkar da dusar ƙanƙara da kansa."

Dogo ya leƙa taga, inda kwalta ke tururi. "Acan, tun da aka haife ka, ka taɓa ganin ƙanƙara ta kwanta a titin nan?"

"Ciwonku kenan. Sai matsala ta zo kuke neman magani. A can, magani ne ke jiran matsala."

Dogo ya rungumi na'urarsa ya tafi wajen Dakta, malamin da ke duba aikinsu, ya roƙi a raba su tun ana ganin juna da mutunci. Dakta ya kira Acan ya yi masa nasiha har shayinsa ya huce. Da ya ga da bango yake magana, ya cire tabarau ya ce, "Shi kenan. Amma ka san doka. Ranar kare aiki, na'ura za ta yi abin da ka ce tana yi a gaban kwamiti. In ba ta yi ba, sai baɗi."

Baɗi kuwa ba ƙaramar kalma ba ce a gidansu. Umma ta riga ta gaya wa dangi kaf bana ɗanta zai gama, har ta sauke agogon falo don a samu wurin rataye hotonsa da rigar yaye ɗalibai.

Ya yi aiki, a ba shi haƙƙinsa. Ya zuba falalen siminti kamar faɗin tabarmar mutum ɗaya, ya binne waya a ciki, ya saka na'urar jin sanyi wadda za ta kunna wayar da zarar sanyi ya kai na daskarewa. Saura ƙanƙara. Ranar kare aiki ya sayo ƙatuwa guda wajen mai sayar da lemo, ya goge ta da abin gugar kayan miyan Umma har ta yi laushi, ya cika kula.

Bayan azahar layi ya zo kansa. Malamai na zaune a dogon tebur, a tsakiyarsu baƙon farfesa da aka gayyato daga wata jami'a. Acan ya shigo da rigarsa mai kumburi. Ya fara da roƙon a kashe fanka, wai ƙararta tana cinye masa murya. Sannan ya juye kular duka a kan simintin, ya gyara tulin da tafin hannu.

"Na san yawancinku ba ku taɓa ganinta ba," ya ce. "Ku ɗan kalla, ido ya saba. Kafin nan, ga taƙaitaccen tarihin yadda tunanin ya zo mini."

Ya juya musu baya ya fuskanci majigi. Hoto na farko, shi ne a filin jirgi. Na biyu, shi ne a cikin jirgi. Ya bayyana yadda ake ɗaure bel. Ya bayyana yadda farfesoshin can ke kiran ɗalibi su sha kofi tare, abin da ya ce yana fata wata rana za a koya a nan. Ya nuna tagar ɗakinsa da safe, ya nuna ta da yamma. Daga bayan ɗaki Dogo ya yi gyaran murya, ya nuna masa simintin da haɓa. Acan ya ɗaga masa hannu. "Tambayoyi sai a ƙarshe."

Muryar na tashi ta hanci tana sauka, wani sauti kuma na yi mata amshi daga gefen tebur, ɗis, ɗis. Dakta ya janye takalminsa.

"Yanzu kuma," in ji Acan, "lokacin da kuke jira." Ya juyo da hannu a buɗe.

Siminti ne jiƙaƙƙe, yana ƙyalli. Ruwa ya bi ƙasa ya nufi ƙofa.

Baƙon farfesa ya leƙo ta saman tabarau. "Ina ƙanƙarar, ɗana?"

"Ta narke, ranka ya daɗe."

"Ma sha Allah. Ka kunna na'urar ne?"

Kowa ya dubi filogin, yana kwance a kan kujera inda aka ajiye shi tun shigowa.

"Wannan ma yana nuna ƙarfin tsarin," in ji Acan, muryar ta ɗan dawo gida. "Ko ba a kunna ba..."

"Kunna mana dai mu gani."

Ya goge hannu a rigar, ya soka filogi. Shiru. Ya cire ya sake sokawa. Na'urar jin sanyin ta auna ɗakin, ta ji abin da kowa ke ji, ta ƙi tashi. A duk abin da ya shigo da shi ranar, ita kaɗai ta san ƙasar da take.

"Akwai saura a kular?" in ji farfesa.

Acan ya karkata ta. Ruwa ya zubo kamar rabin kofi.

Malaman suka haɗa kai, ba su daɗe ba. Dakta ne ya faɗa masa, a hankali, ba tare da ya kalle shi ba: sai baɗi, da sabon aiki. Ya ƙara da cewa kafin ya fita ya nemo tsumma, don mai bi masa a layi da wayoyi zai shigo.

Da yamma ya isa gida, rigar a hammata, kular a hannu. Umma na tsakar gida tana jiransa, ƙanwarsa na leƙe ta bayanta.

"Yaya aka yi, Injiniya?"

Ya ajiye kular, ya gyara tsayuwa, ya nemo muryar ya mayar da ita hanci.

"Sun ga aikin, Umma. Sun zauna sun tattauna. Sun roƙe ni in ƙara shekara guda tare da su."

Umma ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta juya wajen ƙanwar.

"Allah sarki. Ji yadda suke son yayanki."