Ranar da Ƙarara Ta Karɓe Mini Darasi

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, shekarata ta farko ina koyar da ilimin halittu a wata makaranta nan Madarunfa. Ranar ce mai duba malamai ya zo daga Maraɗi, kuma abin da zai rubuta shi zai sa a bar ni a aiki ko a sallame ni.

Darasin kuwa na haddace shi: yadda ɗan tsiro, tun yana kwance cikin ƙwaya, fatarsa ke fitar da wani siririn kaki ta lulluɓe shi, don kada ya manne da abincin da ke kewaye da shi, kuma kada ya bushe in ya fito. Don burgewa, da safe na biya bakin tabki na tsinko wani ganye mai yaɗo, har da 'ya'yansa masu gashi kamar karammiski, na cusa a aljihun riga. (Ni ɗan birni ne, a littafi kawai na san daji.)

A aji, na ɗiga ruwa a ganyen, ya gangare. Na ce, “Kun gani? Aikin kakin ke nan!” Wata ɗaliba, Rabi, 'yar wani manomi daga Safo, ta ɗaga hannu.

“Mushe, wannan fa...” (Haka ɗalibai ke kiran malami a nan.)

“Tambaya sai ƙarshe!”

Sai na ciro ɗaya daga 'ya'yan nan masu gashi na goga a kumatu da wuya, wai ina nuna laushi.

Wuyan ne ya fara. Na sosa da alli, a wayance. Sai ƙirji ya ɗauka, ta wajen aljihu. Kafin in kai allo ina susa hannu bibbiyu, ina goga baya da bango kamar akuya, bakina kuma bai daina “kaki... kaki...” ba.

Baƙon nan mai duba malamai ya cire tabarau ya ce, “'Yata, ƙarasa maganarki.”

“Dama cewa zan yi ƙarara ce. Ko awakinmu ba su raɓarta.”

Ajin ya fashe da dariya. Bayan aji na ƙarasa, ba riga, tsohon mai gadi yana murje ni da toka yana cewa, “Sannu, mai ilimi.”

An dai bar ni a aiki. Baƙon ya ce bayanina daidai ne, kuma bai ga yaron da zai manta da shi ba.

Yanzu duk ganyen da ban san sunansa da Hausa ba, zana shi nake yi a allo.