Macijiyar Frank da Goron Liman

Ko na tsufa na fara rikicewa, ba zan taɓa mantawa da hunturun da na zama mai renon macijiya a Staten Island ba.

Bari in faɗa maka tun farko, ni ba mai digiri ba ne. A aji uku na sakandare na ajiye biro a Kano. Na shigo ƙasar nan da shekaruna, na tuƙa tasi har bayana ya ce ya gaji, sannan na koma aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wanka, girki, ba da magani, canza zanin gado. Aikin halal ne, amma je ka faɗa wa mutanenmu. Akwai wani Alhaji Sabo mai shagon tura kaya gida, shi ya laƙaba mini suna Nas. Ko a ƙofar masallaci muka haɗu sai ya ɗaga murya, "Nas, yau an wanke Bature kuwa?" a kwashe da dariya. (Mutumin da ko kwali ɗaya ba ya iya ɗagawa sai ya kira masu taya shi.)

Tsohon da nake kula da shi sunansa Frank, bas biyu nake shiga daga unguwarmu Park Hill kafin in isa gidansa. Ɗansa ya rasu a farkon shekarar, ya bar masa macijiya a akwatin gilashi. Irin ƙaramar mesar nan ce, wadda in ta tsorata sai ta dunƙule wuri ɗaya. Ranar da 'yarsa Linda ta ɗauke ni aiki, ta nuna mini akwatin ta ce daga can wajenmu ake kawo irinta, ai na san su ko? Ni kuwa na jima a zaune babu aiki. Na ce, "Madam, a gidanmu tare muke kwana da su."

Wallahi ƙarya ce. Maciji ɗaya na taɓa gani kusa da kusa, a hannun wani gardi a kasuwa, shi ma da gudu na bar wurin ba takalmi.

Da farko abin bai yi wuya ba. Ɓeraye farare ake saya daskararru, a ajiye a firiza. Duk mako sai in ciro ɗaya in jiƙa shi a ruwan ɗumi, in kama wutsiyarsa da awartaki, in zura cikin akwatin ina karanto duk addu'ar da ta zo bakina. Ta cafke, ta haɗiye, Frank ya tafa daga kan kekensa na guragu. Shi ke nan.

Sai sanyi ya sauka. Na zura ɓera, ta kalle shi, ta kau da kai. Mako ya zagayo, haka. Na ƙara ɗumama shi, na yi ta kaɗa shi kamar mai rawa, na tsoma shi a romon kaza. Har Hausa na yi mata, na ce ko kewar gida take. Ko motsi.

Ba macijiyar ce ta tayar mini da hankali ba, tsohon ne. Ya ture farantinsa ya ce, "Ita kaɗai ta rage mini daga yaron nan. In ba ta ci ba, ni ma ba na ci." Na ɗauka wasa yake. Kafin ka ce me, wandonsa ya fara zamewa. Linda ta zo ta gan shi, ta ja ni kicin ta ce likita ya yi magana: in ya ci gaba da ramewa, gidan tsofaffi za a kai shi. Ma'ana aikina ya ƙare. Shi kuma Frank ya sha faɗa mini gara a binne shi da a kai shi can.

Za ka ce me ya hana in tambayi wani. To wa zan tambaya? Mutumin da yake kwana da macizai a gidansu?

Sai na fito da dabara. Gidan Frank sanyi gare shi (rowar hita yake kamar shi ke haƙo man), don haka da jaket nake yawo a ciki. Ranar ciyarwa sai in tare akwatin da bayana, in zura awartaki, in ɗan jira, sannan in sulale ɓeran cikin baƙar leda in cusa a aljihu. In juyo ina washe baki, "Ta haɗiye, Baba Frank!" Tsoho ya share faranti har ya nemi ƙari. In na fito sai in jefa ledar a kwandon shara na tashar bas, don shi duk abin da ke cikin sharar gidansa sai ya leƙa.

Haka muka yi ta tafiya har wata Asabar da aka yi suna a unguwar Stapleton. Limaminmu Malam Idi dattijo ne mutumin Damagaram, ba abin da yake so kamar farin goro. Tun ranar Juma'a na saya masa a shagon wata 'yar Ghana, ta ƙulle mini a baƙar leda, na saka a jaket. Da safe na biya gidan Frank, muka yi wasanmu na ɓera, ina fitowa na hango bas yana shirin tashi. Na ruga. Kwandon shara ko kallonsa ban yi ba.

Na tarar da ɗakin taron ya cika. Maza a gaba kan darduma, mata a baya da kuloli na shinkafa. Malam Idi na zaune da makirufo a cinyarsa, Alhaji Sabo a gefensa cikin babbar riga mai sitaci, sai ka ce shi ya haifi jaririn. Na ratsa mutane, na durƙusa, na sunkuyar da kai yadda aka koya mana, ba a kallon idon babba. Na zaro leda, na miƙa da hannu biyu.

"Allah gafarta Malam, ga ɗan goro."

"Madalla, Baban Ummi, Allah ya yi albarka." Ya ɗan latsa ledar. "Wannan goron naka da laushi."

Sai a nan na tuna da kwandon shara. Ya kwance ƙullin a hankali, ya sa yatsu biyu, ya zaro shi ta wutsiya. Fari tas, jiƙe, yana lilo. Salatin da Malam ya yi, makirufo ya kai shi har bayan ɗaki.

Alhaji Sabo ne ya fara tashi. Ban san mai tumbi yana iya tsalle haka ba. Ƙafarsa ta harɗe cikin riga, ya yi gaba da fulas ɗin shayi, hula ta yi gabas shi ya yi yamma, yana ihu, "Ku riƙe shi! Ku riƙe shi!" (Matacce fa. Wanda ya kwana a firiza.) Daga baya wata mata ta rangaɗa, "Jama'a, ɓera Baban Ummi ya kawo wa Malam!" Na ɗaga kai sai idona cikin na matata, tana riƙe da ludayi, ta daskare.

Ni kuma don in gyara, na buɗe baki na ce, "Ba naka ba ne, Malam, na macijiyata ne."

Ka ga yadda mutane suka dare. Wanda yake gogar kafaɗata ma sai da ya ja dardumarsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige ban yi sallama ba.

Malam Idi ne kaɗai bai girgiza ba. Ya mayar da ɓeran leda, ya nemi ruwa da sabulu ya wanke hannu, ya dube ni ya ce, "To, ina goron?" Na lalubo ɗaya aljihun na miƙa. Ya ce, "Buɗe da kanka."

A gida Maman Ummi ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Na kwashe komai na faɗa mata. Ta ce, "Gobe ka je inda kake sayen ɓerayen ka tambaye su. Bakinka ba zai zube ba."

Na je. Matar shagon, mai zobe a hanci, ta tambaye ni ko macijiyar ta rame. Na ce a'a. Tana shan ruwa? Na ce tana sha. Ta ɗaga kafaɗa ta ce to in ƙyale ta, da yawansu haka suke yi in sanyi ya shigo, sai su bar cin abinci har gari ya fara ɗumi. Maganar ko minti biyu ba ta kai ba. Na tsaya ina kallonta kamar in yi kuka.

Na roƙe ta ta maimaita wa Frank a waya, sannan na zauna gabansa na faɗa masa gaskiya, har da liman da wutsiya. Na zaci korata zai yi. Tsohon nan ya yi dariya har ya sarƙe, sai da na bubbuga masa baya. Da ya samu numfashi ya ce, "Tunda hutu take, ni ba hutu nake ba. Kawo miyar nan."

A wajen mutanenmu kuwa, labari ya zaga a waya cewa ina kiwon maciji na asiri. Alhaji Sabo yanzu shi ke fara gaishe ni, "Malam, barka da asuba," yana ja da baya. Wani har gida ya biyo ni wai in taimaka masa kan takardunsa na zama a ƙasar. Ban gyara wa kowa ba. Shekara nawa ina aikin halal ba wanda ya tashi ya ba ni kujera, yanzu su zauna da tsoronsu.

Ƙanƙara ta narke, rana ta fara zafi. Wata Asabar Linda tana nan, Frank ya murje har wando ya matse shi, na zura ɓera ban tare komai ba. Macijiya ta ɗago, ta fito da harshe, ta cafke shi kamar ba ita ba. Frank ya yi ihu, ni na yi kabbara. Linda ta dafa kafaɗar ubanta ta ce maganar gidan tsofaffi a bar ta.

Abin da na koya bai da yawa. Kafin ka yi ƙarya don ka rufa wa wani asiri, ka fara bincikawa ko yana da abin ɓoyewa. Macijiyar nan lafiyarta ƙalau, hutunta take sha a ɗumi. Ni ne na je gaban jama'a na sha kunya a madadinta.