Rasuwar Sikelin Malam Datti na Gafasa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Malam Datti mai awon gyaɗa na garin Gafasa yana sanar da ’yan’uwa da abokan arziki rasuwar sikelinsa na rataya. Marigayin ya cika da hantsi, ranar kasuwar Ajingi da ta wuce, a hannun mai shi, bayan ya yi shekara ashirin da shida a bakin aiki.

A kasuwar Gaya aka sayo shi, fentinsa kore, fuskarsa fara, allurarsa ja. Duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa jin ya danne haƙƙin manomi ba, bai kuma taɓa ƙara wa dillali ko da ƙwayar gyaɗa don ganin ido ba. Ba shi da yawan surutu. Idan an rataya masa buhu ya ce ƙiii, idan an sauke ya ce tas, shi ke nan. Bayan gyaɗa da gero, ya auna raguna, ya auna kayan amare, sau ɗaya ma ya auna jariri a cikin zane.

A shekarun baya-bayan nan ya sami wani aikin da ya fi waɗannan girma. Duk mai niyyar Umara a yankin sai ya kawo jakunkunansa zauren Malam Datti a tabbatar ba su wuce kilo ashirin da uku ba. Malam bai taɓa shiga jirgi ba, bai ma taɓa taka filin jirgi ba, amma ba ya wasa da wannan awo. Bashir, direban bas ɗin da ke kai matafiya Kano, ya taɓa gaya masa cewa babban jirgi mai dogon zango, idan aka haɗa nauyinsa da mai da mutane da kaya, yakan kai tan ɗari uku da hamsin a lokacin tashi, kuma kowane jirgi yana da iyakar da ba a yarda ya haura ba. Idan ya haura, titi na iya ƙare masa bai ɗaga ba. Malam ya mayar da lissafin cikin buhun masara, ya sami dubu uku da ɗari biyar a sararin sama ba ginshiƙi. Tun daga ranar, duk jakar da ya auna sai ya sake aunawa.

Rashin lafiyar marigayin ta ɓoye ce, ba wanda ya lura. Jajibirin rasuwarsa ya auna wa mutum goma sha bakwai kaya, kowa jaka biyu, cikinsu har da Hindatu matar Malam da Inna Hanne mahaifiyarsa. Kowace jaka allura ta tsaya cak a kan ashirin da uku. Da asuba Bashir ya kwashe su zuwa Kano, jirginsu zai tashi da azahar.

Da hantsi a kasuwa wani maƙeri ya zo da dutsen awo na ƙarfe mai kilo goma cif, ya ce a rataya don raha. Allura ta ja jiki da kyar ta tsaya a bakwai. Malam ya sauke, ya buga wa marigayin yatsa a fuska, ya sake ratayawa. Bakwai. A karo na uku marigayin ya yi wani dogon ƙiiii da ba a taɓa jin ya yi ba, wani abu ya ce ƙas a cikinsa, allura ta faɗi ƙasa ta kwanta. Ba ta sake motsi ba.

Waɗanda ke wurin sun shaida cewa Malam Datti bai yi kukan sikeli ba a lokacin. Tsayawa ya yi leɓɓansa na motsi. Idan goma ta zama bakwai, to kowace jaka ta ɗauki ƙarin kilo goma. Jaka talatin da huɗu. Kusan buhu uku da rabi ke nan da ba wanda ya san da su, da hannunsa ya ɗora su a kan jirgin da uwarsa da matarsa za su hau. Ya kira wayar Hindatu, a kashe. Ya kira Bashir sau tara, tana ƙara ba a ɗauka. Ya bar gyaɗarsa a buɗe, ya cusa gawar a aljihun babbar riga, ya faɗa motar Kano.

Ba zai iya faɗin yadda aka wuce Gaya ba. A Wudil motar ta tsaya lodin albasa, ya sauko yana roƙon direba da hannu biyu, fasinjoji suka ɗauka rasuwa aka yi masa. Duk hanya idonsa na sama ta taga, yana neman hayaƙi.

Ana kiran azahar ya isa filin jirgi. Yana saukowa daga adaidaita, ƙasa ta fara girgiza a tafin ƙafarsa, sai ga wani ƙaton farin jirgi ya ɗago hanci daga bayan katanga, a hankali, a hankali, kamar yana shawara. Malam ya riƙe ƙarfen shinge. A nan Bashir ya tarar da shi.

“Baba Datti, lafiya? Me ya kawo ka nan?”

“Sikelin ne, Bashir. Ƙarya ya yi. Kayan sun yi yawa, na kashe su.”

Bashir ya ja shi zuwa bayan bas ya ɗaga murfi. Ƙuli-ƙuli, garin kunu, yaji, daddawa, dakakkiyar kuka, har da ƙaramin turmin Inna Hanne, tuli guda.

“Ai su ma suna da nasu sikelin a ciki, Baba. Ba jakar da ke shiga ba a auna ba. Awa biyu muka yi muna kwance kaya a gaban jama’a. Inna ta ce in gaya maka ta gode.”

Malam ya zauna a ƙasa. Duk da haka bai yarda ya koma gida ba, bai kuma sa ko ruwa a bakinsa ba, don a ganinsa sikelin da ya yi shekara ashirin da shida yana gaskiya ya yi ƙarya, ina ga wanda bai ma san shi ba. Sai bayan magariba Hindatu ta kira ta ce sun sauka lafiya, sauran magana kuma sai sun dawo.

Marigayin ya rasu ya bar ƙugiya ɗaya, da igiyar rataya, da ƙannensa mudu da tiya, da mai gida wanda yanzu ko ƙarar babur ya ji daga nesa sai ya ɗaga kai sama. Malam Datti na neman gafarar duk manomin da aka auna wa kaya a watan nan, ya dawo a sake masa awo a rumfar maƙwabci.

Za a binne gawar gobe bayan sallar la’asar, a gindin rumbun da ke bayan gida, naɗe cikin sabon buhu. Ana karɓar gaisuwa a zaure, inda iyalan matafiya za su iya karɓar kayansu. Masu zuwa kada su wahalar da kansu da yi wa ƙarfe addu’a. Su ajiye ta sai ranar ashirin ga wata da safe, lokacin da mutum goma sha bakwai za su taso daga can da tsaraba, a cikin jakunkunan da Malam bai auna ba.