Bencinan Aro

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis ba, ranar da na yi wa makarantarmu kwalliya har na kusa jawo wa yaranmu ƙarin shekaru na zaman ƙasa. Ko yau na tuna sai na ji fuskata ta yi zafi, ko da kuwa ni kaɗai ce a ɗaki.

Lokacin makona uku ke nan da ba ni riƙon wata firamare a wajen Inkil. Riƙo fa, ba a tabbatar da ni ba tukuna, don haka ko mai tallan gyaɗa ya leƙo ofis sai na gyara mayafi. Makarantar kuwa sai a hankali. 'Yan aji ɗaya zuwa uku a ƙasa suke zama, simintin ma ya farfashe, shi ya sa kowane yaro ke zuwa da guntun buhu a jakarsa, ya shimfiɗa ya zauna. Hedimastan da na gada ya sha rubuta koke kafin ya yi ritaya, har aka ce an sa mana bencina a kasafin kuɗi. Ji muka yi, ba mu gani ba.

Sai ga takarda ranar Litinin, wai kwamitin ilimi na majalisar dokoki zai kawo mana ziyarar gani da ido ranar Alhamis da ƙarfe goma. A ƙasa akwai wani dogon bayani kan duba ayyukan da aka sa a kasafi, an yi ko ba a yi ba. Na karanta shi, kada in yi wa kaina ƙarya, amma irin karatun da ake yi wa takardar cikin kwalin magani. Abu ɗaya ne ya shiga kaina: manyan baƙi na tafe, kuma ni ce uwar gida.

Ku yi mini uzuri kaɗan. Ni a cikin gari na tashi, a gidan da in baƙo zai zo ko tangaran ɗin maƙwabta sai an aro. Innarmu takan ce talauci a ɗaka ake barinsa, ba a fito da shi zaure. Ga shi kuma duk ziyarar da na sani a aikin koyarwa ta sufeto ce, wadda in aka ga datti shugaban makaranta ke shan faɗa. Ban taɓa zama na tambayi kaina me ɗan majalisa ke nema a aji biyu ba.

Talata na shiga Kasuwar Muda Lawal na sayo farar ƙasa, tsintsiyoyi, da wani labule mai furanni don rufe tagar ofis da ta karye. Laraba aka yi shara har inda ba a taɓa sharewa ba. Saura wurin zaman yara, wanda tsintsiya ba ta maganinsa. Sai na tuna da Madam Saratu, malamar aji biyu, 'yar Bogoro, wadda ta fi ni daɗewa a aiki da shekaru masu yawa. Cocinsu na nan bayan makaranta, kuma na san suna da bencina.

"Malama, anya kuwa?" ta ce, bayan ta gama saurarona. "Ba gara su zo su ga yadda muke ba?"

"Haba Madam, so kike a ce a hannuna makaranta ta lalace? Manyan mutane su zo su tarar da yara a ƙasa?"

"Ai a ƙasan suke, Malama."

Na nuna mata kamar ban ji ba (wannan fasaha na iya ta sosai, mijina shaida ne). Ta yi ajiyar zuciya, ta tafi ta roƙo mini. Sharaɗi ɗaya aka kafa: matan zumuntar cocin na da taro ranar Alhamis da ƙarfe biyu, don haka kafin lokacin bencina su koma. Na ce wannan mai sauƙi ne, baƙin da za su zo goma ai sha ɗaya sun tafi.

Ranar Alhamis yara suka tarar da bencina a aji, dogaye masu wurin jingina, an goge su suna sheƙi. Murna ba a magana. 'Yan aji ɗaya ƙafafunsu ba sa kai ƙasa, suna ta lilo da su. Na ja musu kunne kada wanda ya ce komai sai "Barka da zuwa." Goma ta yi, sha ɗaya ta wuce, sha biyu ta bi bayanta. Lemon da na sa a bokitin ƙanƙara ya koma ruwan wanka. Sai ɗaya da 'yan mintuna muka ga motoci sun karyo kwana.

Shugaban kwamitin dattijo ne mai furfura, ba ya ɗaga murya. Tare da shi akwai 'yan majalisa uku, da sakataren kwamiti riƙe da littafi, da kuma wakilin ma'aikatar ilimi, wanda tun kafin ya sauko daga mota yake share gumi. Na tarbe su da jawabin da na haddace, na wuce da su aji biyu kai tsaye, ina tafe ina jin kaina.

Yara suka miƙe suka gaida baƙi, suka koma suka zauna. Shugaban ya daɗe yana kallon ajin. Wakilin ma'aikata ma ya kalli bencinan kamar wanda ya tsinci abin da bai san ya yar ba, sannan a hankali gumin nasa ya fara tsanewa.

"Malama," in ji shugaban, "mun samu koke cewa yaran nan a ƙasa suke zama."

"Ranka ya daɗe, alhamdulillahi," na ce, ina murmushi. "Gani ya kori ji."

Allah ya sani, ni a raina karramawa nake yi. Wakilin ma'aikata ya gyara murya ya ce, "Kamar yadda kake gani, ranka ya daɗe." Bai ce an kawo ba, bai ce ba a kawo ba. Ni ce na ba shi tsani, shi hawa kawai ya yi.

Shugaban ya juya wajen sakatare. "To, rubuta. Yara na da wurin zama. A cire wannan makaranta daga cikin waɗanda za mu tuhumi ma'aikata a kansu."

A nan ne dogon bayanin nan na ƙasan takarda ya dawo mini, kalma bayan kalma. Ashe ba tsabtar ofishina suka zo dubawa ba. Sun zo ne su ga ko abin da majalisa ta amince a saya wa yaran nan ya iso, in bai iso ba su tambayi dalili. Ni kuma na kwana uku ina ɓoye musu shaidar. Na kalli Madam Saratu, tana tsaye bakin allo ta sunkuyar da kai. Na ga alƙalamin sakatare na tafiya. Ya kamata in ce muku nan take na buɗe baki na faɗi gaskiya. Ban yi ba. Murmushin nan ya maƙale mini a fuska, ina ta lissafin yadda zan ce "na yi ƙarya" a gaban mutanen da nake fatan su yaba ni.

Sai muka ji hon ɗin a-kori-kura a bakin ƙofa.

Mama Laraba ce ta shigo, shugabar matan zumunta, tsohuwa mai ɗingishi kaɗan, da mata huɗu a bayanta cikin ankonsu. Ta ga manyan riguna sai ta tsaya, ta rusuna ta gaishe su. Ta matso kusa da ni, ta yi abin da a wurinta raɗa ne, amma har bayan aji an ji.

"Malama, ki yi haƙuri fa. Mun zo ɗaukan bencin coci. Mata sun taru, ba wurin zama."

Ba wanda ya ba da umarni. Yaran ne da kansu, da suka ji an zo ɗaukar bencina, suka sauko ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya buɗe jakarsa ya zaro guntun buhunsa, ya shimfiɗa a inda ya saba, ya zauna, ya ɗora littafi a gwiwa. Ba wanda ya yi ƙorafi. Wata 'yar ƙarama a gaba ma har ta shafa bencin da hannu kafin ta bar shi. Kunya ta ishe ni, amma abin da ya sa ni hawaye shi ne yadda suka iya abin, ba gardama, ba mamaki.

Mama Laraba ta fahimci ta yi ɓarna. Ta juya wajen shugaban, hannu a ƙirji. "Ranka ya daɗe, kar ku ga laifinsa. Wannan Malama mutumin kirki ne, kunya ne kawai ya ji. Ni ma in baƙo ya zo ba na nuna masa tukunyana da ya fashe."

Dattijon ya matsa gaban aji. Ya tattare babbar rigarsa, ya tsuguna gaban yarinyar nan, ya taɓa simintin da ya farfashe, ya tambaye ta sunanta, da ko wurin na yin sanyi in an yi ruwa. Ta ce e, amma ita buhunta biyu ne. Ya daɗe a tsugune kafin ya miƙe, gwiwarsa na ƙara.

"Sakatare, soke abin da ka rubuta." Sannan ya dube ni, ba da fushi ba, wanda da fushin ya yi da ya fi mini sauƙi. "'Yata, mun gode da karramawa. Amma mu ba baƙi ba ne, aikenmu aka yi mu ga abin da babu. In kika ɓoye mana, da me za mu je mu yi tambaya? Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na yi kuskure." Ya ce ba komai, a nuna masa sauran azuzuwan yadda suke. Na bi su ina nunawa, har tagar ofis na yaye mata labulenta mai furanni da hannuna. Gumin wakilin ma'aikata kuwa ya dawo sabo.

Da motoci suka tafi na shiga ofis na rufe ƙofa, na yi kukana mai isata. Madam Saratu ta turo ƙofar ta shigo da lemo biyu masu ɗumi, ta zauna kusa da ni. Ina jira ta ce ai na gaya miki. Ba ta ce ba, har yau ba ta taɓa cewa ba. Cewa ta yi, "Sha, Malama. Yaran dai sun ɗana benci yau, sun ji daɗinsa."

Bayan makonni aka kira ni gaban kwamitin, tare da mutanen ma'aikata. Wannan karon ban yi wa komai ado ba, na faɗi har yoyon rufin da ba a tambaye ni ba. Ban san abin da aka tattauna bayan fitata ba, amma kafin ƙarshen zango na gaba mota ta kawo mana bencina, masu teburin rubutu, daidai tsawon yara. Ba su isa duka azuzuwan ba, 'yan aji uku sai da suka ƙara jira. Na tsaya ina kallo ana saukewa, ina tuna cewa garin neman gira na kusa rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba ne.

Malamai har yanzu "Hajiya Aro" suke kirana in sun ga na sake fuska. Na haƙura, ni na saya. Abin da na koya dai shi ne, kafin ka yi wa baƙo shimfiɗa ka fara sanin abin da ya kawo shi. Yanzu duk wanda ya shigo da mota mai lambar gwamnati, kafin in ba shi ruwa sai na kai shi ajin da ya fi kowanne lalacewa. Kuma a unguwar, in ana suna ko taro aka rasa wurin zama, wurina ake zuwa aron benci. Ina bayarwa, ba na hanawa. Sai dai kafin a ɗauka nakan tambaya, "Ba dai 'yan majalisa ne za su zo muku ba?"