Ranar da Nialin Ta Ari Bakin Kanawi

"Lafiya lau muka tashi, sai da na hango ki lafiyar ta gudu. Wa ya mutu?"

"Kai ne, ba a dai gaya maka ba tukuna. Matsa in zauna."

Haka Nialin da Kanawi suke gaisawa tun suna yawo ba wando. Uwarta da ubansa ciki ɗaya suka fito, kuma a tsibirinmu na kudancin Manus taubashi yana iya zagin taubashinsa a ƙofar coci, ba mai ce masa uffan. Wata ranar Asabar Nialin ta iske shi bakin teku yana ɗinkin koma, baki ja wur da taunar buai, goron wajenmu. Ita kuwa ta sha rigar zuwa coci, abin da Asabar ba ta taɓa samu daga gare ta ba.

Kowa ya san ciwon Nialin, rediyo ne. Tun tana yarinya take kafa ɓawon kwakwa a kan sanda tana karanta wa kaji labaran duniya. Ta yi aure, ta yi jikoki, ta tsufa a kan bandar kifi, ciwon bai sake ta ba. Bana aka buɗe 'yar tashar rediyo a ɗakin bayan makaranta, kwamiti ya ce ta gwada shirin sanarwa da la'asar. In ta iya, shirin nata ne. In ta yi tuntuɓe, a miƙa wa wani saurayi da ya dawo daga birnin Mosbi da takalmi mai sheƙi.

"Na ji yau za ki shiga akwatin magana," in ji Kanawi. "Na riga na gargaɗi kifaye su nutsa can ƙasa."

"Muryata fa zuma ce."

"Zumar da ta kwana a injin jirgi. Rannan da kika ƙwala wa jikanki kira, mata suka fito da kaya a ka, sun ɗauka jirgin ruwan garin Lorengau ne ya iso."

"Ji mai magana! Kai da in ka ɗauki waƙa a coci limamin yake gajarta addu'a?"

"Tausayin sauran mawaƙa yake ji. Faɗi abin da ya kawo ki, na san ba ki zuwa wurina sai da kwando."

Ta gyara zama, ta dubi teku. "Bakinka na zo ara."

"Bakina?"

"Ba don kyansa ba, kada ka ruɗu."

Ta warware masa zancen. Sanarwar yau ta biyan kayan aure ce, kuma gidan mijinta ne masu biya. Dole a kira sunan duk wanda zai kawo alade ko sago, garin da muke tuƙawa, don dangin da ke sauran tsibirai su ji su shirya kwalekwale.

"Rabin sunayen nan yayun maigidana ne da baffanninsa," ta ce. "Tun da na shiga gidan nan sunan surukina bai taɓa fita bakina ba, ko a mafarki. Yau in zazzage su a rediyo, tsibirai duka suna ji? Sai in biya aladen kunya, in kuma daina bin hanyar kasuwa."

"Abu mai sauƙi. Ki ce wancan mai sanƙo, da wancan mai tumbi."

"Dukansu masu sanƙo ne, dukansu masu tumbi."

"To ki bar wa yaron Mosbi. Shi ba suruki gare shi ba, kunyar ma a birni ya baro ta."

Nan ta bar wasa. Ni da nake gefe ina wanke tukunya sai da na ji tausayinta ya kama ni.

"Kanawi, tun ina kafa ɓawon kwakwa nake jiran yau. Ɓawon da ka sace ka mai da shi abin kwalfe ruwan kwalekwale."

"Ban sata ba. Rufe tashar na yi don lafiyar jama'a. Kaji sun daina ƙwai."

"Za ka zo ko ba za ka zo ba? Ni in karanta, in na iso kan suna in zungure ka, kai ka faɗa. Ba surukanka ba ne, bakinka a sake yake."

"Sai kin sanar cewa duk Manus ba wanda ya kai ni kyau."

"Kwamiti ya hana ƙarya a tashar."

"To ban zuwa."

Ta kalle shi sheƙeƙe. "Au, ashe tsoro ne. Sarkin surutun bakin teku yana tsoron ɗan ƙarfe mai waya!"

"Ni? Ni da na kama kada da hannu?"

"Ƙadangare ne, ina wurin. Shi ma sai da ka kira uwarka."

Ya jefar da komar ya miƙe. "Mu je! Yau Manus za ta ji muryar namiji."

Da la'asar muka taru ƙarƙashin mangwaro, an rataye rediyo a reshe. Sai ga muryar Nialin ta fito tar, ba rawa ba gargada, kamar a ɗakin aka haife ta. Ta gaida tsibirai ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi ranar biki, sannan ta ce, "Babban alade zai fito daga hannun babban yayanmu, wato..."

Muka ji wani ɗan tsiririn sauti ya ce, "Pokupen."

"Jama'a, ku yi haƙuri, ba sauro ba ne ya shiga na'ura. Taubashina ne, mai kama kada."

Wannan ya taɓa shi. Suna na biyu da ƙarfi ya fito, na uku har reshen mangwaro ya yi kamar zai amsa. Kan a jima Kanawi ya saki jiki, yana jan kowane suna kamar mai shelar dambe, har yana ƙara wa masu sanƙo kirari. Surukan Nialin suna zaune tare da mu, sai gyaɗa kai suke yi. Sunansu ya zaga teku, kuma ba daga bakinta ya fita ba.

Sai ta ce, "Daga ƙarshe, uwar biki, dattijuwar da za ta raba sago da hannunta, wato..."

Shiru.

Mu dai mun riga mun gane, dariya ta fara cin mu. Uwar bikin nan ita ce uwar matar Kanawi. Gogan naku bai tambayi sunayen ba kafin ya shiga, yana can yana cika baki.

"Kanawi, jama'a suna jira."

"Ki ce... ki ce tsohuwar gidanmu."

"Wace tsohuwa? Tsibirin nan duk tsofaffi ne."

"Nialin, don Allah."

"Ban ji ba. Matso kusa da ƙarfen."

"Na ce don Allah! Muryarki zuma ce! Zuma tsantsa!"

"Kun dai ji da kunnenku. Uwar biki ita ce Nyakulu, Allah ya ƙara mata lafiya, ya kuma ba ta haƙurin zama da wannan suruki."

Tsohuwa Nyakulu ta yi dariya har buai ya sarƙe ta, sai da aka bubbuga mata baya. Shugaban kwamiti bai jira taro ba. Yana share hawaye ya leƙa ta tagar tashar ya ce shiri ya zama na Nialin, da sharaɗin duk Asabar ta zo da mai kama kada.

Washegari bayan coci Kanawi ya tare ta a hanya, hannu a baya. Ya fito da ɓawon kwakwa, ya kafe shi a kan sanda da ƙusa, har ya ɗaura masa igiyar koma a matsayin waya.

"Ungo. Wancan ya nutse tuntuni, wannan ƙaninsa ne. Na sake buɗe tashar."

Ta karɓa ta juya shi a hannu. Idonta ya kawo ruwa, abin da Kanawi bai taɓa gani ba. Sai ta shinshina.

"Warin kifi yake yi."

"Ya biyo mai shirin."

Ta kai ɓawon bakinta, ta gyara murya. "Sanarwa ta musamman. Kanawi ya tuba."

Ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. "Na tuba, na bi. Amma Asabar mai zuwa ki gaya mini sunayen tun daga gida."

"In na gaya maka, me jama'a za su saurara?"