Yadda Za Ka Kama Masu Saye Da Kalma Ɗaya, Kamar Falalu Mai Maganin Dabbobi

Kai ɗan kasuwa, bi matakan nan. Na yi maka alkawari kafin wata ya mutu ba wanda zai rasa sanin sunanka daga Tanut har Belbeji. Falalu ya bi su, yau ko'ina maganarsa ake.

Mataki na 1: Fahimci abin

Kalma ɗaya za ka zaɓa, ka saka manhajar amsa saƙo a salularka. Duk wanda ya turo kalmar, salula ta mayar masa da talla nan take, ta kuma riƙe lambarsa. Masana sun ce turo kalmar yarda ce. Ba su ce dole mutum ya san ya yarda ba.

Mataki na 2: Zaɓi kalmar da ba ta kuskure

Falalu ya fara da AKUYA. Ya liƙa a ƙofar kantinsa, ya yi shela ranar kasuwa, ba wanda ya turo. Makiyayan da ke saye wurinsa murya suke aikawa. Sai ya sake ta zuwa SALAM. Wane Musulmi ne zai rubuta maka saƙo ba sallama?

Mataki na 3: Rubuta amsa mai fara'a

Tasa ita ce: “Madalla da wannan labari mai daɗi! Ka shiga cikin masu sa'a. Maganin tsutsar awaki ya iso.”

Mataki na 4: Kada ka ƙara karanta saƙo

Aikin inji ne. Babban ɗan kasuwa ba ya duba salula.

A nan ne surukinsa, Malam Hamidu na Ollelewa, ya rubuto: “Salam Falalu. Ƙanena Husaini ya rasu, jana'iza bayan azahar. Ka sanar da Balki.” Amsa ta je masa kafin ya sauke hannu. Tsohon ya sake rubutawa: “Salam, lafiyarka kuwa?” Aka sake yi masa madalla.

Mataki na 5: Je ka ga masu sayenka ido da ido

Balki, matar Falalu, a bakin wata mai nono ta ji mutuwar baffanta. Ta shiga mota sai Ollelewa. Falalu ya bi ta washegari, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa gaban tabarma.

“Baba, ya haƙuri?”

Kafin tsohon ya amsa, tallan da manhajar ke tura wa lambobin da ta riƙe duk mako ya tashi. Salulolin masu zaman makoki suka ɗauki ƙara tare, har ta liman, don duk sun yi wa Falalu sallama jiya suna nemansa.

Malam Hamidu ya karanta tasa a hankali, ya kife ta.

“Ɗan nan, wace kalma ake turawa a rabu da kai?”

Falalu ya ce, “Baba, ban saka ta ba tukuna.”

“To je ka saka. Balki tana nan har ka gama.”

Ya koma Tanut shi kaɗai, a bayan motar awaki.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu suna ya yi maka alkawari, bai ce wane iri ba. In matarka ta yi yaji, ko liman ya daina amsa gaisuwarka, ba ruwansa. Kada ka turo masa saƙo.